Yadda Ake Haɗa Kariyar Mosfet Don Kada Juyin Batir Ya Ƙona Na'ura

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar gyaran kayan lantarki a Birnin Kebbi ya san aikin da ya fi zuwa da hantsi: amfilifayar masallaci da aka ɗauro a bayan babur daga wani ƙauye, tana warin ƙuna, wanda ya kawo ta kuma yana rantsuwa cewa jiya da isha'i lafiyarta ƙalau. Idan ka bi diddigi, labarin kusan ɗaya ne. Ladan ya fito kiran assalatu cikin duhu, ya laluba kan batir, ya maƙala jar waya a mazaunin baƙa, aka ji ƙara sau ɗaya, lasifika ta yi shiru. Irin wannan ne yake samun injin feshi mai batir na manoman shinkafa a fadamar Argungu, da fankar sola, da talabijin mai aiki da batir, da akwatunan sauti na masu talla a kasuwar Jega. Ban cika ɗora laifin a kan mai haɗawa ba, domin rana tana sa launin waya ya koɗe har ja da baƙi su kusa zama ɗaya, alamar ƙari da ta ragi da ke kan batir tana ɓacewa a ƙarƙashin ƙura da farin gishirin nan da asid ke tarawa, kuma sau da yawa yaro ake aika ya haɗa. Tunda hannu ba zai daina kuskure ba, wajibi ne kariyar ta zauna a cikin na'urar kanta. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda ake yin ta da transisto guda ɗaya irin wanda ake kira mosfet, da rezisto ɗaya mai rage gudun wuta, da dayod ɗin zena ɗaya mai hana bolt wuce iyaka.

Idan wuta ta shiga na'ura a juye, kafasito mai ruwa, wanda kowace ƙafarsa take da ɓangarenta, yana ɗaukar zafi ya kumbura, wani lokaci ya fashe. Aisi kuwa, wato 'yar baƙar guntuwar nan mai ƙafafu da yawa da ke kan allon na'ura, tana da hanyoyi a cikinta waɗanda suke toshe muddin wuta ta zo ta inda ya dace, amma da zarar an juya sai su buɗe, kuma batirin mota ko na sola yana iya turo ɗaruruwan amfiya ta wannan 'yar hanya. Shi ya sa babu mai samun zarafin zare waya a kan lokaci. Kafin hannu ya motsa ɓarna ta riga ta auku.

Masana'antu da yawa suna gitta dayod, abin nan da ke barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai, tsakanin wayoyin shiga biyu a bayan fiyus, ta yadda idan aka juya batir dayod ɗin zai ja wuta mai yawa har fiyus ya tsinke. A wurinmu wannan dabara sau ɗaya take aiki, saboda fiyus idan ya tsinke a ƙauyen da babu shagon kayan wuta, zaren waya ake naɗa masa, kuma ranar da aka sake juya batir babu abin da zai tsinke sai dayod ɗin da layukan allon. Hanya ta biyu ita ce a jera dayod a kan jar waya, wuta ta bi ta cikinsa kafin ta isa na'ura. Wannan yana tare juyi sosai, sai dai yana karɓar la'adarsa: dayod na silikon yana cin kimanin bolt 0.7, har ya kai bolt 1 idan lodi ya yi nauyi, irin na Schottky kuma kimanin bolt 0.5. A na'ura mai jan amfiya 5, wat 3.5 ke nan ko fiye yake tafiya a zafi, kuma batirin da ya sauka zuwa bolt 11.8 na'urar za ta gan shi kamar mai bolt 11, ta mutu da wuri alhali da sauran caji. Ga ƙaramin rediyo mai jan ƙasa da rabin amfiya, dayod 1N4007 ya wadatar, kuma ba na ba kowa shawarar ya wahalar da kansa da abin da ya wuce haka. Daga amfiya 1 zuwa sama ne mosfet yake nuna fifikonsa.

Abin da ke faruwa a cikin mosfet

Mosfet, wanda Mohamed Atalla ɗan asalin Masar da Dawon Kahng ɗan asalin Koriya suka ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a Amurka a 1959, ƙafa uku gare shi: get, diren da sos. Hanyar wuta tana tsakanin diren da sos, get kuma shi ne mai buɗe ta ko rufe ta, kuma tazarar bolt kawai yake bukata, kusan ba ya shan wuta ko kaɗan. Nau'in P, wanda za mu fara da shi, yana buɗewa ne idan get ya yi ƙasa da sos da 'yan bolt. Akwai kuma abin da masu gyara da yawa suke mantawa da shi, alhali a kansa dukan dabarar ta rataya: a cikin ƙirar kowane mosfet mai ɗaukar lodi akwai dayod ɓoyayye, wanda a nau'in P yake barin wuta ta bi daga diren zuwa sos ko da get bai buɗe komai ba.

Saboda wannan dayod na ciki ne ake haɗa mosfet a nan akasin yadda aka saba haɗa shi idan makunni ake so da shi. Diren ne zai fuskanci batir, sos ya fuskanci na'ura, get kuma ya bi ta rezisto zuwa baƙar waya. Idan batir ya zo daidai, wuta tana fara bi ta dayod na ciki, sos ya hau zuwa kimanin bolt 11.3 alhali get yana kan sifiri, wannan tazara ta buɗe babbar hanyar gaba ɗaya, sai wutar ta bar dayod ta koma inda ya fi sauƙin bi, duk a cikin lokacin da ido ba ya iya gani. Idan kuwa batir ya zo a juye, dayod na ciki ne yake tare wutar, get bai yi ƙasa da sos ba balle hanya ta buɗe, na'ura kuma ta zauna kamar ba a haɗa ta da komai ba. Babu abin da zai ƙone, ko fiyus ba zai tsinke ba. A gyara waya kawai a ci gaba.

Zaɓen kaya

Matakin farko shi ne ka san bolt ɗin batirin da kuma amfiyar da na'urar take ja. Idan an rubuta wat a jikinta, ka raba shi da bolt: fanka mai wat 24 a kan batir mai bolt 12 amfiya 2 take ja. Abin da ya fi wannan shi ne ka jera mita a kan jar waya, a mazaunin amfiya 10, ka auna yayin da na'urar take aikinta mafi nauyi, wato amfilifaya an ɗaga murya, injin feshi kuma yana turo ruwa.

Da wannan adadi a hannu sai ka duba takardar bayanin da kamfani yake fitarwa ga kowane mosfet, wadda ake samu a intanet ta hanyar rubuta lambar da ke jikinsa. Abu uku ne suka dame mu a cikinta. Na farko shi ne bolt ɗin da zai iya tarewa tsakanin diren da sos, wanda ya kamata ya kusa ninka na batirin, domin batir mai bolt 12 yana kaiwa 14.4 lokacin caji, mai 24 kuma 28.8. Na biyu shi ne iyakar abin da get zai jure, wanda a yawancinsu bolt 20 ne. Na uku, wanda ya fi kowanne tasiri a kan zafi, shi ne turjiyar hanyar idan ta buɗe, wato yadda take tauye gudun wuta, wadda ake aunawa da om. Wanda na fi amincewa da shi a aikin bolt 12 da 24 shi ne IRF4905: yana tare bolt 55, get ɗinsa yana jure 20, turjiyarsa kuma om 0.02 ce. A amfiya 5, bolt 0.1 kawai yake ci, wato rabin wat, inda dayod zai ci wat 3.5. Sau da yawa mai shago zai ce babu shi amma ga IRF9540N, ai duk ɗaya ne. Ƙafafunsu ɗaya ne, amma turjiyar wannan om 0.117 ce, kusan ninki shida, don haka a amfiya 5 zai fitar da zafin kusan wat 3. Amfaninsa shi ne yana tare bolt 100, saboda haka shi ya dace da ƙaramin lodi a tsarin bolt 48, inda caji yake wuce bolt 55. Kada amfiya 74 da aka rubuta wa IRF4905 ta ruɗe ka. An yi wannan lissafi ne bisa sharaɗin cewa jikinsa yana zaune a digiri 25, abin da ba zai samu ba a cikin akwatin ƙarfe a watan Afrilu.

Rezisto mai kilo-om 10, na kwata wat, ya isa. Launukansa ruwan ƙasa ne da baƙi da ruwan lemo. Dayod ɗin zena kuma ka nemi 1N4744A mai bolt 15. Wasu suna tsallake shi a aikin bolt 12, suna cewa batir bai kai iyakar get ba. Ba na tsallake shi, domin faifan sola da ake kira na bolt 12 yana ba da kimanin bolt 21 zuwa 22 idan babu batir a tare da shi, kuma a mota ko babur wuta tana yin tsalle lokaci-lokaci. Fatar da ta raba get da sauran jikin mosfet siririya ce ƙwarai, hudawa ɗaya take bukata. Na zaɓi mai bolt 15 ne saboda a tsarin bolt 12 ba ya shan komai daga batir sai ranar da wuta ta haura, a tsarin 24 kuma abin da yake sha bai kai amfiya 0.002 ba. Sai fiyus irin na mota wanda ya ɗara lodin da kaɗan, misali mai amfiya 7.5 ga lodin amfiya 5, ko jan nan mai amfiya 10 ga lodin 7, da ɗan guntun allo mai ramuka, da waya mai kauri.

Mataki na biyu shi ne gwada mosfet ɗin kafin dalma ta taɓa shi, musamman idan daga tsohon allo aka ciro shi. Ka riƙe shi rubutunsa yana kallonka, ƙafafu suna ƙasa: ta hagu get ce, ta tsakiya diren, ta dama sos. Ka taɓa ƙafafun uku tare da bakin sukudireba don cajin da ya maƙale a get ya fita, sannan ka sa mita a mazaunin gwajin dayod. Jan tsinken mita a diren, baƙi a sos, ya kamata ka ga tsakanin 0.4 da 0.6. Ka sauya tsinkayen, mita ta nuna hanya a rufe take. Tsakanin get da kowace ƙafa kuwa, ta kowace fuska, kada a ga komai. Wanda ya yi ƙara ta fuskoki biyu, ko get ɗinsa ya nuna haɗi da wata ƙafa, ya mutu, a jefar da shi.

Liƙi da gwaji

Mataki na uku shi ne liƙi. Ka fara da zena, saboda da zarar ya zauna get ya samu mai tsaro: ƙarshensa mai baƙin zobe ya tafi sos, ɗaya ƙarshen ya tafi get. Idan aka juya shi, zai riƙe get kusa da sos, hanya ba za ta buɗe ba, duk wutar ta bi ta dayod na ciki, mosfet ya yi ta zafi. Daga nan ka liƙa ƙafar rezisto ɗaya a get, ɗayar a layin negetif, wato na baƙar waya, wanda yake wucewa kai tsaye daga batir zuwa na'ura ba tare da an yanke shi ba. Jar wayar da ta fito daga batir ta bi ta fiyus ta sauka a diren, wata jar kuma ta tashi daga sos zuwa na'ura. Layukan allo mai ramuka ba su da kaurin ɗaukar amfiya 5, don haka ka shimfiɗa tagullar waya a kan layin diren da na sos ka cika su da dalma, ko kuma ka liƙa wayoyin a ƙafafun kai tsaye. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta isa har zuwa amfiya 10 idan ba ta da tsawo, idan kuwa batirin yana nesa da na'ura a sa mai 2.5.

A lokacin hunturu, da iska take bushewa har riga tana tartsatsi idan an tuɓe ta, ka taɓa ƙarfen tebur ko na ƙofa kafin ka ɗauki mosfet. Idan kuma ƙarfen liƙinka ba shi da wayar ƙasa, ka bari ya yi zafi sosai, ka zare shi daga soket a daidai lokacin da za ka liƙa get. Kada ka daɗe a kan ƙafa ɗaya fiye da daƙiƙa uku zuwa huɗu.

Mataki na huɗu shi ne wanda nake roƙon kada kowa ya tsallake, kuma ba da na'urar mutane ake yin sa ba. Ka nemi ƙwan fitilar mota mai zare a ciki, irin na gaba mai wat 55, wanda yake jan kimanin amfiya 4.5, ka haɗa shi a mazaunin na'ura. Dole ne ya zama mai zare, saboda shi ba ruwansa da fuskar da wuta ta zo, ko ta ina ta iso zai kama. Ƙwan zamani mai ƙananan idanu, wato LED, ba ya kamawa a juye ko da babu wata kariya, don haka zai nuna maka aiki ya yi alhali bai yi ba. Ka haɗa batir daidai, ƙwan ya kama da cikakken haske. Sannan da gangan ka juya wayoyin, ƙwan ya zauna a mace, ko ja zarensa kada ya yi.

Dalilin da ya sa na nace a kan gwajin juyi shi ne, kuskuren da aka fi yi a wannan haɗi ba ya nuna kansa. Wanda ya saba da mosfet a matsayin makunni, hannunsa da kansa yake kai sos wajen batir, diren wajen lodi. Idan aka yi haka, na'ura tana aiki lafiya ƙalau, babu zafi, babu raguwar wuta, mai gyara ya rufe akwati ya karɓi kuɗinsa da zuciya ɗaya. Amma ranar da aka juya batir, dayod na ciki zai kasance yana fuskantar inda wutar take so ta bi, ya ba ta hanya, na'urar ta ƙone kamar ba a sa mata komai ba. Na taɓa buɗe wata amfilifaya da aka kawo daga wajen Kalgo, na tarar da IRF4905 lafiyayye da zena da rezisto, an yi liƙi mai tsabta wanda ya nuna mai aikin ya san hannunsa, amma ƙafa biyun nan an musanya su, aisin sauti kuma ta fashe. Minti ɗaya da ƙwan fitila da ya hana wannan asara.

Bayan gwajin juyi, ka mayar da batir daidai, ƙwan yana ci, ka sa mita a mazaunin bolt 2 ka auna tsakanin diren da sos. Da IRF4905 na ƙwarai za ka ga abin da bai wuce 0.1 ba sosai. Idan ka ga 0.6 ko 0.7, hanya ba ta buɗe ba, dayod na ciki ne kaɗai yake ɗauke da lodin, sai ka koma ka duba rezisto da fuskar zena. Idan kuwa haɗin daidai yake amma ka ga 0.3 ko 0.4, akwai alamar jabu aka sayar maka, wato ƙaramin mosfet ne a ciki aka buga masa babbar lamba a baya. Jabun kaya sun yi yawa a kasuwa, kuma ido ba ya rarrabe su, wannan awo ne yake tona su.

Zafi da sakawa a cikin akwati

Mataki na biyar lissafin zafi ne, kuma a ƙasarmu ba abin wasa ba ne. Mosfet mai irin wannan jiki, idan yana tsaye shi kaɗai a iska, kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinsa da kimanin digiri 62. A amfiya 5, rabin wat zai ƙara digiri 31 a kan zafin gari, wanda a bazara yake haura 40 a Birnin Kebbi, jimla sama da 70 kaɗan, kuma wannan ba matsala. Amma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da amfiya. Idan amfiya ta ninka, shi sau huɗu yake ninkawa. A amfiya 10 wat 2 ne, ƙarin digiri 124, ga kuma turjiyar tana ƙaruwa yayin da jikin yake ɗumama, sai ka ga an doshi digiri 175 da yake iyakarsa. Don haka daga amfiya 6 zuwa sama ka ɗaura masa ƙarfen sanyaya na alminiyam, ko ka jera mosfet biyu gefe da gefe, get da get, diren da diren, sos da sos, wanda zai raba turjiyar biyu, kowannensu ya ɗauki rabin wat a amfiya 10.

A nan akwai tarko. Ƙarfen bayan mosfet, mai ramin kusa, haɗe yake da diren, diren kuma a wannan haɗi shi ne fositif na batir, wato jar waya. Idan ka ɗaure shi kai tsaye a jikin akwatin ƙarfe, wanda galibi negetif ne, ka haɗa kan batir biyu ke nan. Ka sa takardar maika, mai barin zafi ya wuce amma ta tare wuta, a tsakani, da zoben roba a ramin kusa, sannan ka tabbatar da mita cewa babu haɗi tsakanin bayan mosfet da akwati kafin ka kawo wuta.

Mataki na shida shi ne sakawa. Ka yanke jar wayar a daidai inda ta shigo akwati, kafin makunni da komai, ka sa allon a tsakani, ka ɗaure shi yadda girgizar babur ba za ta karya ƙafafun ba. Tsohon dayod ɗin da masana'anta ta gitta ka bar shi, ba ya cutar da komai. Ina kuma ƙara wani ɗan abu da masu na'ura suke jin daɗinsa: ƙaramin ƙwai ja mai ido ɗaya, a jere da dayod 1N4007 da rezisto mai kilo-om 2.2, a gitta su tsakanin wayoyin shiga, bayan fiyus kuma kafin mosfet, a fuskar da ba za su kama ba sai batir ya juye. Wato doguwar ƙafar ƙwan ta kalli baƙar waya, zoben dayod ɗin kuma ya kalli ja. Dayod ɗin yana nan ne saboda irin wannan ƙwai ba ya jure fiye da kimanin bolt 5 a juye. Idan babu wannan alama, ladan zai ga amfilifaya ta ƙi kamawa ya ɗauka ta lalace, ya fara jijjiga wayoyi. Idan kuwa ya ga jan haske a cikin duhu, ya san abin da zai gyara.

Idan nau'in P bai samu ba

A garuruwa irin su Yauri ko Zuru wani lokaci sai ka zaga shaguna ba ka samu IRF4905 ba, amma IRF3205 da IRFZ44N, waɗanda nau'in N ne, suna ko'ina saboda su ake sawa a inbata. Su ma suna tare bolt 55, kuma turjiyar IRF3205 om 0.008 ce kawai, don haka ya fi sanyi. Haɗinsa kishiyar na farko ne: baƙar waya ake yankewa, diren ya kalli negetif na batir, sos ya kalli negetif na na'ura, rezisto ya tashi daga get zuwa jar waya, zoben zena kuma a wannan karon ya tafi get. Gwajin ƙwan fitila yana nan yadda yake. Sharaɗinsa ɗaya ne, kuma mai nauyi: kada negetif na na'urar ya samu wata hanya zuwa batir ban da ta cikin mosfet. Idan akwatin yana taɓa jikin mota, ko wayar sauti ta haɗa amfilifaya da wani rediyo da yake shan wuta daga batir ɗaya, wutar da ta juye za ta zagaye mosfet ta shigo ta wannan hanya. Ga injin feshi ko fanka mai jikin roba nau'in N ya yi daidai, ga kayan sauti da na mota kuwa gara a jira a samo nau'in P.

Ga na'urori masu batirin lithiyam guda ɗaya mai bolt 3.7, duk waɗannan manyan ba su dace ba, domin sai tazarar get ta kai tsakanin bolt 2 da 4 suke fara buɗewa, cikakkiyar buɗewa kuma sai wajen bolt 10. A nan AO3401 ake nema, ɗan ƙarami kamar ƙwayar shinkafa, mai ɗaukar kimanin amfiya 4, wanda yake buɗewa da bolt 2.5. Ƙafarsa da take ita kaɗai a gefe ɗaya ita ce diren, kuma ba ya bukatar zena tunda get ɗinsa yana jure bolt 12. Transisto na gargajiya nau'in PNP, irin su BC557 ko TIP42, ana iya yin irin wannan kariya da shi a ƙaramin bolt, amma yana shan wuta kullum ta ƙafar bes, wadda take a matsayin get, kuma tsakanin bes da ƙafar emita bolt 5 kawai yake jurewa a juye, don haka ba na sa shi a aikin bolt 12.

Inda wannan kariya ba ta aiki

Babbar inbata ta wuce wannan haɗi: mai wat 1000 a kan bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, kuma mosfet ɗaya a kan ɗan allo ba zai ɗauki wannan ba. Haka kuma, da zarar hanya ta buɗe wuta tana iya bi ta kowace fuska, saboda haka wannan haɗi ba zai hana batir mayar da cajinsa cikin faifan sola da dare ba, kuma ba zai raba batir biyu da aka haɗa a lodi ɗaya ba. Irin wannan aiki yana bukatar aisi mai lura da fuskar da wuta take bi ta rufe get da kanta, kamar LM74700 ta kamfanin Texas Instruments.

Wurin da aka fi yin asara shi ne cajar batir, kuma masu sana'ar cajin batir su ne suka fi kowa juya waya, tunda a yini suna maƙalawa suna cirewa sau da yawa. Dukan dabarar da muka bi ta ginu ne a kan cewa batir shi kaɗai ne mai kawo wuta. Caja kuwa tana da tata wutar, kuma wannan wuta tana riƙe get a buɗe tun kafin a kawo batir, don haka idan aka maƙala shi a juye hanya a buɗe zai tarar. Abin da nake sa wa caja shi ne rilai irin na mota, wato makunnin da ke kamawa da kansa idan naɗin wayar cikinsa ya samu wuta, wanda naɗinsa yake shan wuta daga ɓangaren batir ta cikin dayod 1N4007, bakinsa kuma shi yake haɗa jar wayar caja da batir. Idan batir ya zo daidai rilai ya kama, idan ya zo a juye dayod ya hana naɗin samun wuta, caja ta zauna a ware. Batirin da ya mutu murus ba zai iya jan rilai ba, sai an fara ɗaga shi da wani batir. Kuma bayan rilai ya kama, wutar caja ce take ci gaba da riƙe shi ko da an cire batirin, saboda haka dole ne a kashe caja a ji rilai ya saki kafin a maƙala batir na gaba, kuma wannan umarni ina rubuta shi da fenti a jikin akwatin, kusa da inda wayoyin suke fitowa.